Direban kamiyo da iyakar ƙasa: abin da ya kamata mai kaya ya sani

Albasar Galmi ba a Galmi ake cinye ta ba. Tana zuwa Kumasi, tana zuwa Abijan, tana zuwa Kano. Shanu da raguna ma haka. Duk kamiyo ne ke kai su. In kamiyo ya kwana huɗu a bakin iyaka saboda takarda ɗaya ta ɓace, albasa ta fara ruwa cikin buhu, dabba ta rame. Direba zai sha faɗa, amma babbar asara ta mai kaya ce. Shi ya sa dokar direba ta shafi manomi da makiyayi.

Takardun farko na direba ne: parmin tuƙin babbar mota, katin ɗan ƙasa ko fasfo, da katin allurar shawara, wato katin nan rawaya. Karen mota shi ma sai da katinsa. Sau da yawa a kansa ake tsayar da tafiya, don ba wanda ya tuna da shi. Na biyu na mota ne: kart giris, takardar bizit wadda ke shaida an duba lafiyar mota, da asirans. A dubi ranar ƙarewar kowace takarda tun a gida. Wadda za ta mutu cikin tafiya, a sabunta ta kafin a tashi.

Batun asirans yana son kula. A 1982, a Kotonu, ƙasashen CEDEAO suka kafa katin asirans mai launin ƙasa, domin motar da ta yi haɗari a wata ƙasa a biya wanda aka yi wa ɓarna. Nijar, Mali da Burkina Faso sun fita daga CEDEAO ranar 29 ga Janairu 2025. Saboda haka kada direba ya dogara da yadda aka saba. Ya je kamfanin asirans ɗinsa, ya faɗi ƙasar da za shi, su nuna masa a rubuce cewa takardarsa tana aiki a can.

Na uku, takardun kaya. Abin da aka faɗa wa duwan shi ne abin da ke cikin mota, buhu da buhu, kai da kai. Albasa tana bukatar shaidar ma'aikatan gona cewa ba ta ɗauke da cuta. Dabbobi kuma sai likitan dabbobi ya duba su ya ba da takarda. In duwan sun ɗaura hatimi a jikin tanti, ba a taɓa shi sai wurin saukewa. Kuma ba kowane kaya ke fita kowane lokaci ba. A watan Oktoba 2024 gwamnati ta hana fitar da shinkafa, hatsi, dawa, wake da masara, in ba zuwa Mali da Burkina ba. A tambayi ofishin duwan kafin a yi lodi, ba bayan an yi ba.

Sai maganar nauyi, inda mai kaya da direba suka fi haɗa baki su cuci kansu. Mai kaya yana son ƙarin buhu ashirin a kuɗin mota ɗaya. Direba yana son ɗan abin da za a ƙara masa. To, ƙasashen UEMOA, masu kuɗin sefa, sun yi doka mai lamba 14 a shekarar 2005. Ta ce layin tayoyin gaba kada ya ɗauki fiye da tan 6. Layi guda na baya mai tayoyi bibbiyu, tan 12. Tirela mai layi 6, ita da kayanta duka, tan 51. Tsawon lodi daga ƙasa zuwa sama kada ya wuce metir 4. Tarar da dokar ta rubuta jaka 20 ce a kan kowane tan da ya yi yawa cikin gida, jaka 60 in mota mai ƙetare iyaka ce. Kuma a babban sikelin hanya ana iya sa a sauke rarar nan take. Albasar da aka sauke a rana a bakin titi, kowa ya san ƙarshenta. Ko ba a kama mota ba, nauyi yana fasa taya, yana kashe birki, yana farfasa gudron da jama'a ke bi zuwa asibiti.

Hanya ma a zaɓe ta. Zuwa Najeriya akwai ƙofofin hukuma: Ƙonni zuwa Illela, Ɗan Isa zuwa Jibiya, Gaya zuwa Kamba. Hanyar daji tana da sauri a baki, amma wanda aka kama a can ba shi da bakin magana, kaya da mota duka suna iya tafiya. Iyaka kuma tana rufuwa. Najeriya ta rufe tata daga Agusta 2019 har Disamba 2020. A 2023 aka sake rufewa, sai Maris 2024 aka buɗe. Gadar Gaya zuwa Malanbil ta rufu a 2023, kamiyoyin tashar ruwa suka koma hanyar Lome da Burkina, suna tafiya ayari-ayari da rakiyar soja. Mai kayan da ke lalacewa ya nemi labarin hanya wajen ƙungiyar direbobi a tasha ranar da zai yi lodi.

A shingen jandarma ko ɗan sanda, direba ya tsaya, ya gaisa, ya miƙa takardu. Duk kuɗin da aka ce na hukuma ne, ya nemi rasit ya ajiye, domin da shi zai yi lissafi da mai kaya. Ya canza nairarsa ko sidinsa da rana. Kada ya karɓi ƙunshin da bai ga cikinsa ba, ko na ɗan uwa ne: abin da aka samu a mota, direba ake tambaya. Mutane kuma ba sa hawa bisa lodi, sai masu kula da dabbobi, su ma da katinsu.

Akwai direbobin da ke shan tramol don su kore barci. Ƙwaya ba ta kore barci, ɓoye shi take yi, ya faɗo wa mutum a kan kwana. In ido ya yi nauyi, a nemi gari, a fitar da mota daga kan gudron, a sa alama gaba da baya, a kwanta. Motar dabbobi a tsayar da ita a inuwa, a duba ko wata ta faɗi, a tashe ta kafin sauran su tattake ta.