Gyaran Hoton Fuska da Aka Ɗauka a Ɗaki Mai Duhu

Kafin a shiga maganar na'ura, ya kamata a fara duban ɗakin da ake ɗaukar hoton a cikinsa. A garuruwan kudancin Kano, irin su Burumburum ta ƙasar Tudun Wada, inda Sarkin Kano Alwali ya gamu da ajalinsa a 1807, ɗakin ƙasa yakan zo da bango mai kauri da 'yar taga can sama. Magina sun yi shi haka ne don ya tare zafin rana, ya kuwa tare. Sai dai abin da ke sanyaya ɗaki shi ne ke hana kyamara ganin fuska. Fitila ma ba ta cika maganin abin ba, domin idan mutum ya ninka nisansa da ita, rubu'in haskenta kaɗai zai iso gare shi.

Matsala ta biyu daga tufafi take. Kyamara tana auna hasken duk abin da ke gabanta, ta ƙaddara cewa matsakaicinsa launin toka ne. To, Bahaushe in zai tsaya gaban mai hoto, farar shaddarsa yake sawa. Sai kyamara ta ga fari ya yi yawa, ta rage haske, riga ta fito sarai, fuska kuwa ta nutse, ba a ganin komai sai farin ido.

A da, masu hoto sukan gyara irin wannan da fensir a jikin fim, ko su kāre wani sashe da hannu lokacin buga hoton a takarda. Tun da manhajar Photoshop ta fito a 1990, aikin ya koma kan kwamfuta, daga baya kuma kan wayar hannu. Mai gyara yakan fara da launi, domin ƙwan lantarki yana zuba rawaya a jikin fata. A nan farar rigar nan takan biya bashin ɓarnar da ta yi: sai a nuna wa manhajar rigar, a ce mata wannan shi ne fari, sauran launuka su daidaita a kansa. Bayan haka sai a keɓe fuska ita kaɗai a ɗaga haskenta, don kada rigar ta ƙone. Amma abin yana da iyaka. Hoton waya na yau da kullum matakai 256 yake da su tsakanin baƙi da fari a kowane launi, kuma fuskar da ta nutse 'yan kaɗan na ƙasa ta samu. In aka ja su da ƙarfi, sai ɗige-ɗige su bayyana kamar an watsa gero. Hoton da ya biyo ta WhatsApp ya fi wahala, don an riga an matse shi a hanya.

Babbar tambaya ita ce, ina za a tsaya? Wato yaushe aka gama mayar wa fuska hasken da ɗaki ya hana ta, aka shiga ba ta launin da ba nata ba? Wannan ba sabon rikici ba ne. Daga shekarun 1950, kamfanin Kodak na Amurka ya riƙa raba wa masu wanke hoto wani kati mai hoton Baturiya, wanda ake kira katin Shirley, da shi ake daidaita launi. Wata masaniya a Kanada, Lorna Roth, ta nuna a 2009 cewa koken masu sayar da cakulan da kayan katako, waɗanda launin hajarsu ba ya fita, yana cikin abin da ya sa aka gyara fim ya iya ɗaukar launi mai duhu. Abin takaici, yau mai gyara na gida ne ke yin da hannunsa abin da fim ya yi bisa gado: ya mai da baƙi wankan tarwaɗa, ya mai da wankan tarwaɗa fari, wai don mai hoton ya ji daɗi. Manhajojin goge fata kuwa ba su san bambancin ƙurji da bille ba. Sukan shafe tsagar gado, wadda da ita dangi ke gane nasu.

Ga ɗalibi da ma'aikaci wannan ba kwalliya ba ce kawai. Hoton da ke liƙe a takardar makaranta ko a fayil ɗin ofis shaida ne, kuma ranar tantancewa da shi za a gwada fuskar mai shi. Shi ya sa hukumomin fasfo na ƙasashe da yawa ba sa karɓar hoton da aka taɓa kamanninsa.

Seydou Keïta, wanda ya buɗe ɗakin hotonsa a Bamako a 1948, mafi yawan hotunansa a tsakar gida ya ɗauke su da hasken rana, kuma fatar mutanensa ta fito da sheƙinta. Mai hoto a Burumburum yana da irin wannan haske a ƙofar zaure da hantsi. Sai ya zaunar da mutum a inuwa yana fuskantar waje, ya sa yaro ya riƙe farin mayafi ta gefen da duhu ya fi yawa.