Ranar da muka fi kusa da rana, muna jin ɗumi

Shirinmu na musamman na yau ya leƙa Wasagu, a ƙaramar hukumar Danko-Wasagu ta masarautar Zuru, da wata tambaya: a wane wata duniyarmu ta fi matsowa kusa da rana?

Da yawa za su ce Afrilu, lokacin da ake kwana a tsakar gida saboda zafi. To, ba haka ba ne. Wajajen 3 ko 4 ga Janairu ne, tsakiyar hunturu, sa'ad da dattawa ke kewaye wuta da sassafe, leɓuna suna tsagewa. Kuma ba sai da na'ura ake gane nisan ba. Lambobi biyu sun isa.

A 1609 wani masanin taurari Bajamushe, Johannes Kepler, ya bayyana cewa hanyar da duniyoyi ke bi su kewaya rana ba cikakkiyar da'ira ba ce, ta ɗan miƙe ta gefe biyu. Ya gano haka ne bayan shekaru yana bin lissafin tafiyar jar duniyar nan, wato Mas.

Duk wanda ya ga ana shata ɗakin zagaye ko rumbu ya san turke ɗaya da igiya ake yi. To, ku kafa turaku biyu. Ku ɗaure bakin igiya ɗaya a kowane turke, ku ja ta da tsinke har ta yi tsam, ku kewaya kuna zane a ƙasa. Abin da ya fito shi ne falakin, wato hanyar da duniya ke bi, rana kuwa tana zaune a kan turke ɗaya, ba a tsakiya ba. Rabin tsawon igiyar shi ne lamba ta farko, matsakaicin nisa. Ku raba tazarar turakun da tsawon igiyar, ku sami lamba ta biyu, wadda ke nuna yadda hanyar ta kauce wa da'ira.

Ga namu lambobin. Matsakaicin nisanmu da rana kilomita miliyan 149.6 ne, kaucewar kuwa 0.0167. A ninka su, a sami kusan miliyan 2.5. A ɗebe wannan daga miliyan 149.6, saura miliyan 147.1, nisanmu ke nan a Janairu. In kuma aka tara su, miliyan 152.1, nisan farkon Yuli, ana tsakiyar noma. Da za ku zana hanyar tamu da igiya mai mita 10, santimita 17 kacal za ku bari tsakanin turakun. Ido ba zai raba ta da da'ira ba. Amma tauraro mai wutsiya na Halley, wanda ya bayyana a 1986 kuma ake jiran dawowarsa a 2061, turakunsa sai sun kusa ƙare igiyar, mita 9 da santimita 67.

To me ya sa muke rawar ɗari alhali mun matso? Gaskiya ne hasken da ke iso mana a Janairu ya fi na Yuli da kusan kashi 7 cikin 100, amma karkatar duniya, digiri 23 da rabi, ta fi wannan tasiri nesa ba kusa ba. Ku tsaya a filin makaranta da tsakar rana a Janairu, za ku ga rana ta koma kudu, inuwarku ta faɗi arewa. Haskenta a karkace yake zuwa, ga ƙurar da iska ke kwasowa daga Sahara tana tare shi, ga busasshiyar iska da ke barin zafin ƙasa ya tsere da dare. A Afrilu kuwa rana tana bi ta saman kan mutanen Wasagu, inuwa ta maƙale a ƙarƙashin ƙafa.

Abin da ke damuna shi ne yara da dama suna haddace cewa duniya na kewaya rana, ba a taɓa ba su damar lissafa komai a kai ba, alhali ninkawa da ɗebewa ne kawai. Malamai na Wasagu, Ribah, Zuru da kewaye, don Allah ku fitar da ɗalibai fili da turaku da igiya. Ga aikin farko: matsakaicin nisan Mas kilomita miliyan 227.9 ne, kaucewarta 0.0934. A nemo nisanta mafi kusa da rana; wanda ya sami kusan miliyan 207 ya yi daidai.