Yuraniyom a ruwan rijiya: ina gaskiya, ina ƙanzon kurege?

Ana yawan yaɗa cewa ruwan wasu rijiyoyi na ɗauke da sinadarai masu fitar da tururin nukiliya. Maganar tana da tushe, sai dai an cakuɗa ta da shaci-faɗi.

"Sai kusa da mahaƙa ake samun yuraniyom." Ba haka ba ne. Gaskiya ne rahoton Greenpeace na 2010 ya nuna yuraniyom ya wuce ƙima a wasu ruwayen yankin Arlit, inda ake haƙarsa tun 1971. Amma sinadarin halittar Allah ne a cikin duwatsu, musamman irin wanda ake fasawa a yi kankare. Ruwan da ya daɗe kwance a tsagar dutse yana narkar da shi kaɗan-kaɗan, ya kwaso iskar radon. A Finland an sami yuraniyom da yawa a rijiyoyin gidajen karkara, babu wata mahaƙa kusa.

"Burtsatse ta fi tsabta tunda ta fi zurfi." Ta fuskar ƙwayoyin cuta, galibi haka ne. Ta fuskar radon kuwa, wadda aka huda cikin dutse ta fi rijiyar guga kwaso shi.

"Tafasawa na maganinsa." Rabin gaskiya ce. Radon iska ce, tana ficewa. Yuraniyom kuwa yana nan daram a tukunya, kuma ruwan na ƙonewa yana ƙara taruwa.

"Jan haƙoran yara alamarsa ce." Ƙarya ce. Wannan aikin sinadarin fuloraid ne, kamar yadda aka sani a Langtang ta jihar Filato. Yuraniyom ba ya sauya launi, ƙamshi ko ɗanɗanon ruwa, yana iya kasancewa ciki ko da ruwan garau yake a kofi.

"Wanda ya sha ya mutu." Ina! Illar sai an shekara da shekaru ana sha. Yuraniyom ƙoda yake taɓawa, radon kuma ya fi cutarwa idan an shaƙe shi, don yana jawo kansar huhu.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade maikrogiram 30 na yuraniyom a kowace lita, kuma gwaji kaɗai ke nuna ko an haura hakan. Unguwa ta yi karo-karo a kai ruwan ɗakin gwaji. Kafin sakamako ya fito, kada jita-jita ta kori kowa daga burtsatse zuwa kududdufi, domin kwalara cikin kwana ɗaya take kisa.