MOTOCIN TSERE NA DA: KAMA DA WANE BA TA WANE

A cikin watan Agusta na shekarar 2016, a garin Monterey na jihar Kalifoniya ta ƙasar Amurka, an yi gwanjon wata tsohuwar mota mai kujera biyu, wadda ba ta da rufi, fentinta ya ƙoƙe, fatar kujerunta kuma ta yayyage. Wanda ya saye ta ya biya dala miliyan 13 da dubu 750. Dalili kuwa shi ne ita ce motar Cobra ta farko da aka ƙera a duniya, a shekarar 1962. Bayan shekara biyu, a wannan gari dai, aka sayar da wata Ferrari samfurin 250 GTO a kan dala miliyan 48 da ɗoriya. A shekarar 2022 kuma wata Mercedes ta 1955 ta tashi a kan kuɗin Turai yuro miliyan 135.

To, ina labarin mutumin da tun yana yaro yake ganin hotunan waɗannan motoci, ransa ya biya, amma ko zai tara albashinsa na shekara ɗari ba zai iya sayen tayarsu ba? Irin waɗannan mutane suna da yawa a Turai da Amurka, kuma saboda su ne aka sami wata babbar sana'a ta ƙera motocin kwaikwayo, watau sababbin motoci masu siffar na da. Sana'a ce ta halal mai tsohon tarihi, amma tana da ramuka guda uku da mai shiga cikinta ya kamata ya sani: na kuɗi, da na rai, da na shari'a.

Yadda Cobra ta samo asali

Babu motar da aka kwaikwaya kamar Cobra, don haka da ita za mu yi misali. Wanda ya ƙago ta, Carroll Shelby, mutumin jihar Texas ne, ya taɓa kiwon kaji kafin ya zama direban tsere. A shekarar 1959 ya ci babban tseren nan na awa 24 da ake yi a Le Mans ta ƙasar Faransa, sa'an nan ciwon zuciya ya tilasta masa barin tuƙi. Ana nan sai ya sami labarin cewa wani ƙaramin kamfani a Ingila mai suna AC yana da wata mota mara nauyi, mai bodin alminiyon, watau sanholo, amma ya rasa mai ba shi inji. Sai Shelby ya shawo kan kamfanin Ford na Amurka ya ba da inji mai silinda takwas, aka cusa shi cikin 'yar motar Ingila.

Daga 1962 zuwa 1967 abin da aka ƙera bai wuce mota kimanin dubu ɗaya ba. Na farkon suna da inji mai lita 4.2, daga baya 4.7. A 1965 aka fito da babbar, mai inji lita 7, wadda aka fi sani da lamba 427. Ita wannan sai da aka sake mata ƙashi da bututun ƙarfe masu kauri, aka faɗaɗa bodinta, domin ta iya ɗaukar ƙarfin injin. Yau motocin kwaikwayo masu siffar Cobra sun ninka na asali sau da yawa, har ya zama duk wanda ya ga Cobra a kan titi, abin da zai fara zato shi ne ta kwaikwayo ce.

Hawa uku

Mai neman irin wannan mota zai tarar da kasuwar hawa uku ce. Hawa na sama shi ne na motocin da kamfanin asali da kansa ya koma ya ƙera da tsofaffin zane-zanensa. Kamfanin Jaguar na Ingila ya yi haka. A watan Fabrairu na 1957 gobara ta tashi a masana'antarsa ta Browns Lane a birnin Coventry, ta cinye motoci tara samfurin XKSS waɗanda ba a gama ba. A 2016 kamfanin ya ba da sanarwar zai ƙera waɗannan tara ɗin, kowace a kan kuɗi fiye da fam miliyan ɗaya. Wannan hawa na attajirai ne, kuma da yawa daga irin waɗannan motoci a filin tsere kawai ake tuƙa su.

Hawa na tsakiya shi ne na kamfanonin da ke ƙera mota su gama, ko su bar wa mai saye ya sa inji da giya. Kamfanin Kirkham na jihar Utah ya yi suna wajen bodin sanholo, kuma ya fara ne da ma'aikatan wata masana'antar jiragen yaƙi a garin Mielec na ƙasar Foland, mutanen da hannunsu ya saba da lanƙwasa sanholo. Kamfanin Superformance kuwa a Afirka ta Kudu ake haɗa masa motocinsa, a yankin birnin da a da ake kira Port Elizabeth, yanzu Gqeberha, sa'an nan a yi jigilarsu zuwa Amurka ba inji.

Hawa na ƙasa, wanda ya fi jama'a, shi ne na kayan haɗi. Mutum zai sayi ƙashin mota da bodi da sauran tarkace, a kawo masa cikin akwatuna, ya haɗa da hannunsa a garejin gidansa. Wannan al'ada ta daɗe a Ingila. Tun 1957 Colin Chapman yake sayar da 'yar motarsa Lotus Seven a wawwarwatse, domin a lokacin harajin saye bai hau kan motar da mutum ya haɗa da kansa ba. A 1973 ya sayar wa kamfanin Caterham da izinin ci gaba da ƙera ta. A Amurka kamfanin Factory Five, wanda aka kafa a 1995 a jihar Massachusetts, ya fito da dabarar da ta rage kuɗi ƙwarai: mutum ya nemi tsohuwar Ford Mustang, ya cire injinta da giyarta da birkinta, ya ɗora su a kan sabon ƙashi mai siffar Cobra.

Abin da ke ƙarƙashin fenti

Tambaya ta farko da ya kamata mai saye ya yi wa kansa ita ce, me zai yi da motar? Wanda yake son yawon shan iska ranar hutu, da wanda yake son shiga tsere, da wanda yake son motar da ko ƙwararre sai ya duba da kyau kafin ya gane ba ta asali ba ce, kowannensu da irin motar da ta dace da shi. Wanda bai amsa wannan tambaya ba ya kama saye, zai biya kuɗin abin da ba ya bukata.

Sai batun bodi. Na sanholo shi ne irin na asali, ana buga shi da hannu, yana da tsada, kuma ko jingina aka yi da shi da ƙarfi sai ya loɓa. Na zaren gilashi da ake kwaɓawa da wani irin danƙo a zuba a mazubi, wanda masu sana'ar ke kira faiba, ya fi araha, ba ya tsatsa, amma ingancinsa ya danganta ga kyan mazubin. Idan mazubin kwafin wani kwafi ne, sai a ga ƙofa ba ta zauna daidai ba, gefen dama ya saɓa da na hagu, mai fenti ya yi ta fama da ciko da goga har kuɗin aikinsa ya ba mutum mamaki.

Amma fa bodi riga ce kawai. Ran mai mota yana kan ƙashin da ke ƙasa, da waldar da aka yi masa, da birki, da sitiyari. A nan ne rami na biyu yake. Cobra gajeruwar mota ce, nauyinta bai wuce tan ɗaya da kaɗan ba, ga kuma inji mai ƙarfin doki ɗari huɗu ko fiye. Ba ta da jakar iska, yawancinsu kuma ba su da na'urorin zamani da ke hana taya zamewa. Wanda ya saba da motar gida, ya taka mai da ƙarfi a kan kwana, kafin ya farga bayan motar ya riga gabanta. Shi ya sa waɗanda suka daɗe a harkar sukan shawarci sabon shiga ya ɗauki ƙaramin inji, domin ya fi sauƙin sarrafawa, bai cika zafi ba, kuma bai danne gaban motar da nauyi ba. Ko bututun hayaƙin da ke bin gefen ƙofa ya ƙona ƙafafun mutane da dama wajen sauka.

Ramin kuɗi kuwa ga yadda yake. Farashin da ake bugawa a talla na akwatunan kaya ne kawai. Inji da giya da tayoyi da fenti sau da yawa ba sa ciki, balle kayan aiki da kuɗin gwani idan abu ya gagara. Aikin da mutum ya ɗauka zai gama cikin wata shida yakan ci shekaru, yana cin dare da ranakun hutu. Saboda haka kasuwar ba ta rabuwa da motocin da aka fara ba a gama ba, masu su sun gaji, suna neman wanda zai karɓa ko da hasara. Wanda ma ya gama, in ya tashi sayarwa, da wuya ya ga kuɗin guminsa. Tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya.

Takarda da doka

Gama haɗa mota daban, samun izinin hawa titi da ita daban. A Ingila sai motar ta ci wani gwaji na musamman na gwamnati, inda ake duba birki da fitilu da ɗamarar kujera da ƙarar inji da hayaƙi, har da gefuna masu kaifi da za su iya yanka mai tafiya a ƙasa. A Amurka kowace jiha da ƙa'idarta ta rajista. A 2015 majalisar ƙasar ta yi doka da ta yarje wa ƙananan kamfanoni su sayar da cikakkun motocin kwaikwayo har 325 a shekara, muddin motar da aka kwaikwaya ta kai shekara 25, amma sai a 2022 aka kammala ƙa'idodin aiki da dokar. Mai hankali yakan binciki maganar rajista da inshora tun kafin ya biya kafin alƙalami.

Shari'ar Suwidin

Rami na uku shi ne tambayar wa ya mallaki siffar mota. A Amurka Shelby ya kai masu kwaikwayon Cobra ƙara, amma bai sami hana su yin amfani da siffar ba, ko da yake daga baya Superformance ya sami lasisi daga wajensa. A Turai abin ya fi tsanani. A 2012 kamfanin Mercedes ya sa aka murƙushe bodin wata motar kwaikwayo samfurin 300 SL wanda jami'an kwastan na Jamus suka kama. A 2019 wata kotu a birnin Bologna na Italiya ta yanke cewa siffar Ferrari 250 GTO aikin fasaha ce da doka ta kare.

Shari'ar da ta fi girgiza masu wannan sha'awa ita ce ta ƙasar Suwidin. Wani dattijo, tsohon mai zanen motoci, shi da matarsa, sun shafe shekaru suna ƙera kwafin Jaguar samfurin C-Type. Ita C-Type guda 53 kawai aka yi. Ta ci tseren Le Mans a 1951, ta sake ci a 1953 da taimakon sabon birki mai faifai, inda a karo na farko a tarihin tseren matsakaicin gudun wanda ya yi nasara ya haura mil 100 a awa. Kamfanin Jaguar Land Rover ya yi ƙara, yana cewa mutanen suna da niyyar ƙera wasu don sayarwa. A watan Disamba na 2020 kotu ta ba kamfanin gaskiya, ta ce a lalata motar, su kuma biya kuɗin shari'a. Suka ɗaukaka ƙara. A 2023 kotun sama ta soke hukuncin: ta yarda cewa doka ta kare siffar C-Type, amma ta ce yin kwafi don amfanin kai bai saɓa wa doka ba. Motar ta tsira, sai dai bayan shekaru na zulumi da kashe kuɗi. Darasin a fili yake: ƙera wa kai abu ɗaya ne, ƙera don kasuwa kuma sai da izini, sa'an nan liƙa tambarin kamfani a jikin motar da ba shi ya yi ta ba neman rigima ne.

Kwaikwayo da jabu

Duk da waɗannan ramuka, motar kwaikwayo tana da mutuncinta. Ta asali ta yi tsadar da mai ita yake tsoron fito da ita, har wasu masu motocin asali sukan sa a ƙera musu kwafi su riƙa shiga tsere da shi, su adana ta gaskiyar. Ta haka ne jama'a ke ci gaba da jin rurin waɗannan injuna da ganin gudunsu, maimakon kallonsu a tsaye a gidan tarihi. Haka kuma sana'ar ta raya hannun maƙeran sanholo da kanikawan tsofaffin injuna, waɗanda da babu ita da aikinsu ya mutu tare da su.

Inda ɓarna take shigowa shi ne ranar da aka buga wa sabuwar mota lambar ƙashi ta tsohuwa, aka haɗa mata takardun ƙarya, aka kai ta kasuwa da sunan ta asali. Daga nan ta tashi daga kwaikwayo ta koma jabu, mai ita kuma ya tashi daga mai sha'awa ya koma ɗan damfara. Don haka ne ƙungiyoyin masu Cobra da Jaguar da Ferrari suke ajiye kundi mai ɗauke da lambar kowace mota ta asali da tarihin hannuwan da ta bi, kuma duk mai shirin biyan kuɗi masu nauyi can yake fara dubawa.

Shawararmu ga mai wannan buri ita ce ya san abin da yake so, ya duba ƙashi kafin fenti, ya duba takarda kafin ƙashi, ya ziyarci waɗanda suka riga shi haɗa irin motar ya ji daga bakinsu. In Allah ya sa ya gama, aka tsayar da shi a gidan mai aka tambaye shi ko ta asali ce, to ya faɗi gaskiya, ya ce kwaikwayo ce, kuma da hannunsa ya haɗa ta. Wannan amsa ba abin kunya ba ce, domin mai ta asali ma kuɗi kawai ya biya.