Yadda ake haɗa rile na famfon mai bayan sauya injin a-kori-kura

A Sakkwato, masu tsofaffin a-kori-kura irin su Hilux kan cire injin kafireta su ɗora na Kwatano mai injekta. Irin wannan injin sai da famfon mai na lantarki, kuma kuskure ne a jona famfon kai tsaye da makulli.

Rile mai ƙafa huɗu ake sawa. Ƙafa ta 30 tana ɗauko wuta daga batir ta cikin fis, 87 ta kai wa famfo, 86 ta je makulli, 85 kuma ta je kwamfutar injin.

Da zarar injin ya mutu, kwamfutar za ta kashe famfon. In babu wannan, idan tiyon mai ya fashe a hatsari, fetur zai ci gaba da feshi kan inji mai zafi.