Fili Kafin Ɗaki: Zaɓen Madabod Ga Mai Zane Da Kwamfuta

Magidanci a Boɗinga ko Shagari, in ya tashi sayen fegi, ba ɗakunan da zai gina bana kaɗai yake lissafawa ba. Zai taka filin yana auna inda zaure zai tsaya, inda za a haƙa rijiya, da gefen da zai bari fayau saboda ranar da babban ɗansa zai kawo amarya. Wanda ya bi araha ya sayi ɗan matsattsen wuri kuwa, iyali na ƙaruwa sai ya ga ko ya rushe, ko ya tashi.

Da wannan idon nake so matasanmu masu zana katin biki, fostar 'yan takara da kalandar walimar saukar Alƙur'ani su dubi madabod, wato babban allon da ake dasa sauran kayan kwamfuta a kansa. Abin da ke damuna shi ne yawancinsu sai sun zuba kuɗinsu a furosesa da katin hoto, sannan su sayi allon da canjin da ya rage. Alhali shi ne filin.

Harsashinsa shi ne soket, mazaunin furosesa, kuma ba a sauya shi. Allon AMD mai soket AM4, wanda ya fito tun 2016, RAM na DDR4 yake ɗauka. AM5 na 2022 kuwa DDR5 kaɗai ya sani. A ɓangaren Intel, LGA1700 na 2021 yana karɓar furosesa na zubi na 12, 13 da 14, amma kusan kowane allo ko dai na DDR4 ne ko na DDR5, ba ya haɗa biyun. Mai ƙaramin jari bai yi laifi ba in ya tsaya a AM4 da allo irin B550, don kayansa sun wadata a kasuwa. Sai dai ya sani fili ne a unguwar da ta riga ta cika. Mai hali ya duba B650 na AM5, inda har yanzu ake ta sabon gini.

Inda na fi nacewa shi ne ramukan RAM. Aikin zane ta nan yake fara girma. Yau katin ɗaurin aure ne, gobe a kawo maka babbar bana ta taron siyasa, ka buɗe CorelDRAW da Photoshop tare, hotuna masu nauyi jere a kan juna, kwamfuta ta fara nishi. Kamfanin Adobe kansa yana ba da shawarar gigabait 16 ko fiye don Photoshop. Da yawa daga allunan araha irin H610 rami biyu gare su. In ka cika su, ranar ƙari dole ka cire tsofaffin ka sayar a wulaƙance, rusau ke nan don a faɗaɗa ɗaki. Allo mai rami huɗu kuwa, ka sa biyu yau, sauran biyun su jira lokacin da aikin zaɓe ya kawo kuɗi. Haka ma mazaunin SSD na M.2: biyu sun fi ɗaya, domin fayil ɗin kwastoma ba ya raguwa.

Sai yanayinmu. Wanda ya yi gini a ƙasar Sakkwato ya san rufi da iska ba ado ba ne. A watan Maris da Afrilu zafi kan haura digiri 40, hunturu kuma ya cika shago da ƙura. Kusa da soket akwai sashen da ke daidaita wutar da furosesa ke sha; a duba a ga ƙarafan sanyaya shi suna nan, masu kauri. Allon da aka bar wannan wurin tsirara zai riƙa rage gudu da tsakar rana, daidai lokacin da mai aiki ke tsaye a kanka. Wutar Kaduna Electric da ta janareto kuma ba su da tabbas, don haka kuɗin UPS na cikin kuɗin ginin tun farko.

Fitilu masu launi da manyan alluna irin Z790, na masu wasannin kwamfuta ne da masu tsananta wa furosesa gudu. Mai zane ya bar musu. Mazaunin katin hoto ɗaya ya ishe shi. In ma bai sayi katin ba tukuna, ya tabbata furosesarsa na iya fitar da hoto da kanta, domin na Intel masu harafin F a ƙarshe ba sa yi, haka yawancin Ryzen na AM4 marasa harafin G.

Wanda zai sayi na hannu, ya haska cikin soket ɗin Intel ko AM5 da tocila, don allura ɗaya da ta lanƙwashe na iya kashe ramin RAM. A kunna a gabansa, a gwada kowane rami da kowace kafar USB kafin ya miƙa kuɗi. In daga Kano ko Computer Village ta Ikeja za a aiko a mota, a yi yarjejeniyar mayarwa tun kafin kaya su bar shago, kuma a faɗi wanda zai biya kuɗin motar komawa.