Waƙa da waya a wurin ɗaga ƙarfe: Ina iyakar 'yancin mutum a Zongon Kumasi?

Da an idar da sallar Asuba a Aboabo ko Asawase, kafin 'yan kasuwa su kama hanyar Kejetia, akwai samarin da tuni gumi ya jiƙa musu riga. Wasu suna gidan motsa jiki mai injuna da madubai, inda ake biyan kuɗin wata. Wasu kuma suna lungu, ƙarƙashin rumfar kwano, inda nauyin da ake ɗagawa siminti ne da aka zuba a gwangwani ya daskare, ko tsofaffin ƙarafan mota da aka haɗa da walda.

Ko a ina ne, abubuwa biyu ne suka fi haddasa harara da tsaki. Na farko shi ne mutumin da ya toshe kunnuwansa da iyafis yana rera waƙa iya ƙarfinsa. Na biyu shi ne wanda ya zauna a kan benci yana latsa waya, ko yana ɗaukar bidiyo, alhali mutum uku na tsaye suna jiran ya tashi. Mai karatu a Zongon Lome, ko na Kwatano, ko unguwar Briqueterie ta Yawunde, zai gane mutanen nan biyu, domin ko'ina akwai su.

Da gani abin kamar ƙarami ne. Amma a cikinsa akwai lafiyar kunne, da haɗarin rauni, da mutuncin mutane, har ma da doka.

Ɗaki ɗaya, kunnuwa iri-iri

Fatauci ne ya kafa zango, musamman cinikin goro, kuma tun farko wuri ne na baƙi daga ƙasashe dabam-dabam. Har yau a unguwannin zango na Kumasi za ka iske Bahaushe da Bamoshe da Badagombe da Bazabarme da Bawangare da Bakotokole, Hausa ce ke haɗa su. A gidan motsa jiki kuma sai a ƙara da maƙwabta Asante, waɗanda akasarinsu Kirista ne.

Wannan cakuɗa ita ce ke sa batun sauti ya yi nauyi. Saurayi ɗaya yana sauraron asakaa, salon kiɗan da matasan Kumasi suka yi suna da shi tun wajen 2020. Na kusa da shi yana jin waƙar soyayya daga Kano. Na uku yana sauraron begen Annabi ko karatun Alƙur'ani, na huɗu kuma waƙar coci. Muddin kowa ya bar nasa a kunnensa, babu damuwa. Da zarar ɗaya ya buɗe baki ya fara rerawa, ya tilasta wa kowa sauraron zaɓinsa. Idan a cikin baitin akwai batsa ko ashar, ga dattijo a kan keken motsa jiki wanda likita ya umarta saboda hawan jini ko ciwon suga, to an shiga batun rashin kunya. Idan waƙar addini ce, wani na iya ɗauka da shi ake.

"Ai da waƙa muka saba aiki"

Masu rerawa suna da hujja, kuma ba a raina ta ba. Bahaushe bai taɓa raba aikin ƙarfi da waƙa ba. Mata na waƙar daka da ta niƙa, manoma na gayya da kiɗan ganga, 'yan dambe ba sa shiga fage sai makaɗi ya zuga su, kamar yadda Ɗan Anace ya yi suna da zuga Shago. A Ghana ma akwai jama, waƙoƙin tafi da amshi da magoya bayan ƙwallo ke yi a filin wasa na Baba Yara, waɗanda ƙungiyoyin sassarfa na safiyar Asabar ke rerawa a kan titi. Masana motsa jiki, irin su Costas Karageorghis na Jami'ar Brunel da ke Landan, sun daɗe suna nuna cewa kiɗa na rage wa mutum jin gajiya, yana kuma taimaka masa ya riƙe taki ɗaya.

Sai dai duk waɗannan waƙoƙi na tarayya ne. Kowa na jin kiɗan, kowa ya san amshin, wanda ya shigo da yardarsa ya shigo. Mai iyafis kuwa shi kaɗai ke jin ganga da garaya. Abin da ke isa kunnen sauran jama'a muryarsa ce tsurarta, tana yankewa tana dawowa tsakanin nishi.

Akwai kuma dalilin da ke sa muryar ta fi ƙarfin yadda shi yake zato. A 1911 wani likitan kunne da maƙogwaro ɗan Faransa, Étienne Lombard, ya bayyana cewa mutum na ɗaga murya ba da saninsa ba idan ƙara ta hana shi jin kansa. Shi ya sa mai iyafis ke rantsuwa cewa ƙasa-ƙasa yake yi, alhali ana jiyo shi daga bakin titi. Yawancinsu ba da gangan suke yi ba, kuma sanin haka na sauƙaƙa yadda za a yi musu magana.

Masu horarwa na da wani ma'auni mai sauƙi da ya shafi wannan. Idan kana motsa jiki matsakaici, za ka iya magana amma ba za ka iya rera waƙa ba. Idan mai tsanani ne, kalmomi kaɗan za ka furta ka nemi numfashi. Hukumar Lafiya ta Duniya na ba manya shawarar minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako. Wanda ke jan baiti daga farko har ƙarshe a kan injin gudu, alama ce bai kai ko matsakaicin ba. Ya ƙara sauri, waƙar za ta tsaya da kanta.

Lasifika, kunne da maƙwabta

Kiɗan da gidan ke sakawa ga kowa shi ma yana da iyaka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum na iya sauraron sauti mai ƙarfin desibel 80 har awa 40 a mako ba tare da illa ba, amma idan ya kai desibel 90, lokacin ya ragu zuwa awa 4 kacal. Ta kuma yi gargaɗin cewa matasa fiye da biliyan 1 na fuskantar haɗarin rasa ji saboda yadda suke sauraron sauti. Matsalar gidan motsa jiki ita ce gasa: lasifikar gidan na ƙara, sai mai iyafis ya ƙure nasa don ya danne ta, kunnensa ne ke biyan kuɗin. Jin da ya lalace ta wannan hanya ba ya dawowa. Idan ka fito kunnenka na ƙugi, ka wuce gona da iri.

A zango kuma bango ɗaya ne ke raba rumfar ƙarfe da ɗakin mai jego, ko makarantar allo, ko masallaci. Ƙa'idar hukumar kare muhalli ta Ghana, EPA, ita ce ƙara a unguwar zama kada ta wuce desibel 55 da rana, da 48 daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe. Waɗannan su ne daidai lokutan da masu atisayen asuba, da masu fitowa bayan tarawihi a watan azumi, ke kunna kiɗa.

Mutanen zango sun san zafin batun ƙara. A 2018, lokacin da ministan muhalli na wancan lokaci, Kwabena Frimpong-Boateng, ya kawo shawarar masallatai su riƙa kiran salla ta saƙon waya ko WhatsApp, Musulmin Ghana sun yi ca a kansa. Al'ummar da ta tsaya wa kiran sallarta haka, ya dace 'ya'yanta su zama na farko wajen kashe kiɗa idan ladan ya fara, su kuma rage shi idan maƙwabci, Musulmi ko Kirista, ya koka.

Waya na cin lokaci, tana kuma jawo rauni

Ba wanda zai ce a bar waya a gida. Da ita ake ƙirga lokacin hutu, da ita ake rubuta nauyin da aka ɗaga, ta ita kuɗin MoMo ke shigowa, kuma ɗan kasuwa ba zai ƙi ɗaukar kiran mai kaya daga Tema ko Yamai ba. Inda gizo ke saƙa shi ne inda ake amfani da ita.

Hutu tsakanin zagaye da zagaye yawanci minti 1 zuwa 3 ne. Wanda ya buɗe TikTok a wannan tsakani, minti 10 na wucewa bai sani ba. A gidan da benci ɗaya ne ko biyu, wannan lokacin na wani ne, wanda watakila zai buɗe shago ƙarfe 7. Maganinsa tsohuwar al'ada ce ta masu ɗaga ƙarfe, wato karɓa-karɓa: ka gama zagayenka ka tashi, wani ya yi nasa yayin da kake hutawa. Idan kira ya shigo, ka sauka daga kan injin ka fita waje. Cinikinka da rigimar gidanku ba na kowa ba ne, kuma saka waya a lasifika a cikin jama'a tona asirin wanda ya kira ka ne, shi da bai san ana jin sa ba.

Mafi muni shi ne waya a hannun wanda aka ce ya tsaya wa mai ɗagawa. Aikinsa ya zuba ido, hannuwansa a shirye, don ya tallafa idan ƙarfi ya ƙare. A watan Yulin 2023 wani fitaccen mai gina jiki a tsibirin Bali na Indunusiya, Justyn Vicky, ya rasu bayan ƙarfe mai nauyin kilo 210 ya danne masa wuya, duk da akwai mai tsaya masa a baya. Idan haka na iya faruwa da mataimaki a tsaye, ina ga wanda idonsa ke kan saƙo? Haka ma duba waya a kan injin gudu: taku ɗaya za ka kuskure, bel ɗin ya wurgar da kai. Mai iyafis a kunnuwa biyu kuma ba ya jin "kauce!" idan ƙarfe ya suɓuce.

Kamara: inda ladabi ya haɗu da doka

Ɗaukar bidiyon kai yana da amfani, domin mutum na ganin kuskuren tsayuwarsa, wasu kuma da shi suke tallata aikin horarwa. Amma madubin da ke bayanka na kwaso duk wanda ke ɗakin. Akwai mai ƙiba da ya yi ta maza ya fara zuwa, akwai malamin da ɗalibansa ba su taɓa ganin sa da gajeren wando ba. Akwai kuma matan da suka cire hijabi saboda an ware musu lokaci ko ɗaki, sun amince babu idon namiji. Daƙiƙa 15 na bidiyo da ya shiga WhatsApp na iya kai wa Accra da Agadas kafin azahar, ya jawo wa mace maganar da za ta taɓa aurenta, ya kuma sa wasu mazan su hana matansu zuwa gaba ɗaya.

Dokar Ghana ba ta yi shiru ba. Sashe na 18 na kundin tsarin mulkin 1992 ya kare sirrin mutum. A 2018 Kotun Ƙoli, a shari'ar da aka sani da sunan Cubagee, ta yanke cewa naɗar hirar waya a ɓoye ba da yardar ɗaya ɓangaren ba keta wannan haƙƙi ne. Akwai dokar kare bayanan jama'a ta 2012, sannan dokar tsaron intanet ta 2020 ta tanadi ɗauri ga mai yaɗa hoton tsiraicin wani ba da izininsa ba. Saboda haka fito da kamara a ɗakin canza kaya ko wurin wanka wasa da gidan yari ne.

Ƙa'idar mai sauƙi ce: ka nemi izini kafin ka ɗauka, ka juya kamarar ta fuskanci bango, wanda ya ce a goge a goge nan take a gabansa.

Yadda ake gyara ba tare da faɗa ba

Zo mu zauna, zo mu saɓa. Amma wurin da kowa ke ji da ƙarfinsa, ga ƙarafa a ƙasa, ba wurin ɗaga murya ba ne. Ka bari mutum ya ajiye nauyi tukuna. Ka tsaya inda zai gan ka, ka yi masa alama ya cire iyafis, ka yi sallama. Kalma mai taushi ta isa: "Yaya, muryarka na fitowa sosai," ko "Malam, saura zagaye nawa? Mu yi karɓa-karɓa mana." Idan dattijo ne, a bi ta hannun mai gidan ko koci. Idan ya ƙi ji, nan ma mai gidan ne zai yi magana. Kada ka ɗauki bidiyonsa don ka kunyata shi, domin ka aikata abin da ya fi nasa.

Masu gidajen su ma da aikinsu. Su rubuta ƙa'idoji su manna a ƙofa, su kuma faɗa da baki, da Hausa da Twi da Turanci, ga duk sabon shiga: lokacin kashe kiɗa, inda ake amsa waya, inda aka hana kamara. Mai son waƙa a ware masa ranar atisayen rukuni, a yi jama a yi tafi har a gaji.

Akwai dalili na ƙarshe da ya sa wannan ya shafi zango musamman. An daɗe ana jingina ƙartin da ake kira macho da bangar siyasa, abin da ya kai Ghana ga kafa dokar haramta ƙungiyoyin banga a 2019, kuma sau da yawa samarin zango ake nuna wa yatsa, har da waɗanda ba ruwansu. Galibin masu ɗaga ƙarfe a Aboabo da Sabon Zongo teloli ne da direbobi da ɗalibai da 'yan kasuwa masu neman lafiya. Saurayin da ya rage kiɗa don maƙwabciya, ya tashi daga benci don dattijo, ya mayar da wayarsa aljihu da mata suka shigo, yana wanke sunan unguwarsa ne, ko bai sani ba.